Ciyawar Dutse a Ɗakin Jego

Na haihu a Guangzhou a tsakiyar zafi, lokacin da iskar garin take nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Muna zaune a saman wani dogon bene bayan titin Huanshi, ta taga ana hango gadar da 'yan kasuwa ke hayewa da manyan jakunkuna. Akwai abubuwa a makonnin nan da har yau ba na iya rarrabe wanda na gani ido biyu da wanda na gani cikin gyangyaɗi. Duk macen da ta yi wankan jego ta san haka. Inda na tabbatar zan faɗa kai tsaye, inda mafarki ne kuma zan ce mafarki ne.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta taso daga Kano don ta yi mini wankan. Ta zo da busasshen ganyen darbejiya da na runhu, da kanwa, da garin kunu, da yaji ƙulli-ƙulli. Yadda ta wuce da su a filin jirgi, ita da Allah suka sani. Ranar da ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka kashe esi, ta karɓi rimot ɗin ta ƙulle a haɓar zani. A wurin Gwaggo abokin gaba ɗaya ne a duniya, shi ne sanyi. Shi ke shiga ƙashin mai jego ya kwanta, ba zai motsa ba sai ta tsufa. Ta taɓa rasa ɗa yana jariri, tun kafin a haife ni, aka ce mata sanyi ne ya kama shi. Ba ta zancen, amma kowa a danginmu ya sani.

Safe da la'asar takan ɗora babbar tukunya a kan gas, ruwa ya tafasa da ganye har gidan ya ɗauki ɗacin darbejiya. Ta zaunar da ni a banɗaki, ta tsoma tawul tana danna mini a jiki, ina ihu tana cewa saura kaɗan, alhali da saura da yawa. Daga nan kunun kanwa mai zafi, sannan kwanciya a doguwar kujerar falo, an lulluɓe ni har wuya. Tururi ya rufe tagogi, benayen garin su narke su zama inuwa. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Sin, takan leƙo ta ga tagogi a rufe, ta ga safa a ƙafata, ta ɗaga wa Gwaggo babban yatsa. Su ma haka suke tsare mai jego. Ba su jin yaren juna ko kalma ɗaya, amma a kaina bakinsu ɗaya.

A kusurwar falon akwai wani firji mai ƙofar gilashi, irin na masu sayar da lemo. Maigidana yana sayen firji da firiza daga masana'antu yana lodinsu a tashar jirgin ruwa ta Huangpu zuwa gida. Wannan samfur ne aka aiko masa ya duba, ya tsaya nan ba a taɓa kunna shi ba. Saboda shi ciyawar ta shigo gidanmu.

Akwai wata ɗaliba 'yar Damagaram da na saba da ita a masallacin Juma'a, tana digiri na uku a fannin tsirrai a wata jami'a ta garin. Doguwa ce, mai magana a hankali, tana ce mini Tanti. Ba a daɗe da yin suna ba ta buga mana ƙofa da hantsi, rungume da kula, gumi ya jiƙa mata hijabi.

"Tanti, ki gafarce ni, na san ba lokacin damunki ba ne. Ɗakin sanyin labo ɗinmu, inda muke bincike, ya lalace. Na zaga ko'ina, kowa sai ya ce mini meyo, meyo, wato babu wuri. Sai na tuna firjin nan naku."

Ta buɗe kular. Ƙananan tukwane ne na roba jere a kan ƙanƙara, kowace da ɗan tsiro a tsakiya. Sai da na sunkuya sannan na gane ciyawa ce. Ba ta kai tsawon yatsa ba. Ganyenta siri-siri, a cure wuri ɗaya kamar tukkun yaro, kore mai duhu.

Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata.

"Me ake yi da ita?"

"Karatu, Gwaggo."

"Dabba na ci?"

"Ba ta da yawan da dabba za ta ƙoshi."

"Ana tsintsiya? Ana jinka? Magani fa?"

"Ko ɗaya."

"Ikon Allah. Ku Damagarawa ciyawa ta ƙare muku ne a gida, sai kun zo Sin nema?"

"Gwaggo, ai da sayar da ita ake yi, da Kanawa sun riga ni hawa dutsen."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe haƙarƙari, ta ce a zuba wa yarinya kunu.

Tana shan kunun ta ba mu labarin inda ta samo ta. Can yammacin ƙasar ne, sai an yi tafiyar jirgin ƙasa, an yi ta mota, sannan a taka da ƙafa. Ana ta hawa har itatuwa su gajarce, su zama kamar sun durƙusa, daga nan su ƙare ɗungum. Sama da nan sai dutse da iska, numfashi ba ya isar mutum. Dusar ƙanƙara tana rufe wurin mafi yawan shekara. A 'yan lungunan da dusar ke makara ba ta narke ba, nan kaɗai ciyawar take, kuma ko a can sai an sha nema. Idan dusar ta janye, 'yan makonni gare ta ta farka, ta yi fure, ta zubar da iri, kafin a sake rufe ta.

Aikin ɗalibar shi ne ta sa ta yi fure a nan. Sai an ba ta dogon sanyi tukuna, ta ɗauka dusar ce ta rufe ta, sannan a ɗan sassauta, ta ɗauka ta janye. A furen ne abin da take bincike yake, in babu fure babu abin rubutawa. Kuma ba ta da wata damar bayan wannan. Mahaifinta, tsohon malamin makaranta, ya yanka mata wa'adi: ƙarshen wannan shekarar karatu ta dawo gida, da takarda ko babu. 'Yan'uwansa sun dame shi da cewa ya bar 'ya mace a bangon duniya tana kiwon ciyawa. Shi kuma mutum ne da in ya faɗi magana ba ya komawa kanta.

Maigidana ya kunna firjin, ta saita sanyinsa, ta ƙara wata fitila a ciki, ta jera tukwanen. Ta roƙe mu kada a buɗe. Gwaggo ta ja kujerata nesa da shi, ta ce ko a rufe ba ta yarda da shi ba.

Daga nan na samu abin kallo. In an gama wanka an kwantar da ni, jikina ya yi lakwas, jaririya tana barci a gefena, sai idona ya tafi gilashin. Duk falon zafi ne da tururi, wurin nan kaɗai yake fari tas, yana ɗan gunji ƙasa-ƙasa. Raɓa takan taru a jikin gilashin ta gangaro, ciyawar ta ɓace ta sake bayyana. Ina cikin kallo sai tukwanen su nisanta da juna, tsakaninsu ya buɗe ya zama fili. In ga kaina ina tafiya a kan tsakuwa, ba safa, ba bargo, iska tana shiga ta hannun rigata tana fita ta wuya. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, saboda haka tawa ta mafarki kamar garin shinkafa take, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Wani lokaci ciyawar ce ke girma ta fi ni tsayi, in bi ta ƙarƙashinta ina ɗaga kai. Wani lokaci ni ce ke ƙanƙancewa. Babu kowa a dutsen, babu mai kirana, babu mai jiran nono. Gajimare yana ƙasa da ni, ba sama ba, yana tafiya a hankali kamar garken da ya ƙoshi. Sai kuka ya dawo da ni, in tarar gumi ya jiƙa matashi, Gwaggo tana tsaye a kaina da kofi.

Nakan yi tunanin ko ita ma ciyawar mafarki take yi. An ce mata tana gida ta yarda. Ba ta san akwai bas a ƙasa ba, da masu tura kaya, da tukunyar da ke tafasa taku kaɗan daga inda take.

Ɗalibar takan zo jefi-jefi, ta buɗe da sauri, ta ɗiga ruwa, ta rufe. Bayan 'yan makonni bakin ganyen ya fara rinewa, ya koma ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana. Ta shigo ɗaki ta same ni ina shayarwa, fuskarta a sake, ta ce alama ce mai kyau, sanyin ya kama yadda ake so. Gwaggo tana salla a lokacin, ba ta ji ba.

Ita kuwa Gwaggo ta daɗe tana kallon firjin ta gefen ido. Da farko tsaki take yi in ta wuce. Daga baya na lura takan tsaya a gabansa da carbi a hannu, ta jima.

"Mai jego, kin ga bakin abin nan?"

"Na gani, Gwaggo."

"Ya yi baƙi. Haka leɓe yake yi in sanyi ya shiga."

"Ita haka take so."

"Babu mai rai da ke son wannan. Don dai ba ta da bakin faɗa ne."

Na yi dariya, barci ya sake ɗauke ni.

Ranar da muka kai jaririya rigakafi Gwaggo ba ta bi mu ba, ta ce lif yana juya mata ciki. Mun tarar da layi a asibiti, ba mu dawo ba sai bayan azahar. Ina shiga na ji falon ya yi shiru da yawa. Gunjin nan babu. Firjin a buɗe, a kashe, an goge shi tas. Tukwanen suna baranda a jere, cikin ranar da ko tsuntsu ba ya sauka a kan ƙarfe, ƙasarsu a jiƙe sharkaf tana tashin warin darbejiya.

Gwaggo ta fito daga kicin tana goge hannu, fuskarta wasai irin ta wanda ya sauke nauyi.

"Na fitar da bayin Allah su sha rana. Na ba su ruwan wankanki da ya rage, ba da zafi ba, sai da na surka. Ki gani in ba su miƙe ba kafin yarinyar ta zo."

Maigidana ya hau kwasar tukwanen yana mayarwa. Robar tana ƙona hannu. Ni kuma na kira ɗalibar.

Ta zo, ta durƙusa a gaban firjin, ta taɓa ganyen da bayan yatsa, tukunya bayan tukunya. Ya yi laushi ya kwanta. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta juyo ta ce, "Ba komai, Gwaggo. Alheri kika nufa." Muryarta daidai take. Sai dai ta ƙarasa wata magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, wadda ba da mu take ba.

Cikin kwanakin da suka biyo baya na ci gaba da kwanciya a kujerata ina kallo. Ja ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma launin kara. Tukunya ɗaya ta daɗe da ɗan kore a tsakiya, muka sa mata ido dukanmu, ita ma ta bi sauran. Mafarkin dutsen bai daina zuwa ba, amma yanzu in na isa tsakuwa zalla nake tararwa, in yi ta ɗaga duwatsu ina duba ƙarƙashinsu.

Ɗalibar ta ce sabuwa ba ta samuwa sai dusar ta sake narkewa baɗi, sannan a soma ba ta sanyinta daga farko. Wa'adi zai cika tun kafin nan. Ta ce ta fara tunanin wanda za ta bar wa littattafanta.

"Ki gaya wa Baba abin da ya faru mana," na ce mata.

"Tanti, in ce masa me? Ciyawata ta mutu? Abin da baffannina ke jira ke nan su ji."

Gwaggo tana kicin, ƙofa a buɗe. Kwanakin nan ba ta da magana. Wanka tana yi mini, amma hannunta ya yi laushi, ta daina cewa saura kaɗan. In ta wuce firjin sai ta kau da kai.

Ana gab da arba'in, wata la'asar, ta ce in kira mata yarinyar. Kafin ta iso Gwaggo ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta zuwa unguwa, ta yafa babban mayafi, ta shafa turare kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Ta shimfiɗa darduma a tsakiyar falo ta zauna a ƙasa. Ɗalibar tana shigowa ta ce mata:

"Kira mini mahaifinki."

"Gwaggo, don Allah..."

"Ba shawara na nema ba. Kira shi, ki buɗe muryar kowa ya ji."

A can hantsi ne. Ana jin kaji, da wata mai talla daga nesa. Gwaggo ta yi sallama, ta gaishe shi, ta gaida iyali, ta tambayi damina, ta tambayi jiki, ta sake komawa kan iyali. Duk da waya ce, kanta a sunkuye yake. Sai da gaisuwa ta ƙare kakaf sannan ta gyara zama.

"Malam, ba ka san ni ba. Ni tsohuwa ce daga Kano, na zo yi wa 'yata wankan jego. 'Yarka ta kawo amana gidanmu, ni na kashe ta da hannuna."

"Subhanallahi. Amanar me, Hajiya?"

"Ciyawa."

"Ciyawa?"

"Ciyawa, Malam. Kada ka tambaye ni amfaninta, ni ma na tambaya ban gane ba. Na dai ga yadda yarinyar nan ta durƙusa a gabanta, mutum ba ya yi wa abin banza wannan durƙuson."

Ta faɗa masa komai dalla-dalla, da ranar da ruwan darbejiyar, ba ta rage ba. Ya saurara har ta kai aya. Ya ce Allah ya riga ya ƙaddara, ya ce shi ya yafe, ya kuma san yarinyar ta yafe. Amma maganar dawowa, ya riga ya faɗe ta a gaban 'yan'uwansa.

"Na sani, Malam. Ba cewa na yi ka tashi maganarka ba. Maganarka tana zaune, ni na sa ƙafa na ture ta. In 'yan'uwanka sun tambaya, ka ce musu wata Bakanuwa ce ta yi ɓarna, ta zo ta durƙusa. Ka taɓa jin Bakano ya durƙusa wa Badamagare? To yau ga shi, ina ƙasa, 'yarka shaida ce."

"Ke, da gaske a ƙasa take?"

"A ƙasa take, Baba," in ji ɗalibar.

Muka ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Wata kaza tana ta kyarkyara a bayansa. Jaririya ta motsa a cinyata, na dafa ta.

"Hajiya, tashi ki hau kujera, kin girmi wannan. Kin gama da ni. Na ƙara mata shekara. Amma ta zo gida da Babbar Salla in gan ta da idona, sannan ta koma dutsen nata."

Gwaggo ta daɗe tana godiya, ta yi masa addu'a shi da iyayensa. Da aka kashe wayar ta miƙa hannu a tashe ta, gwiwa ta riƙe. Ɗalibar ta kama ta ta ɗaga, ba ta saki ba, suka tsaya haka a tsakiyar falo.

"Sake ni, za ki karya ni," in ji Gwaggo. "Ku ko godiya da ƙarfi kuke yin ta."

Bayan arba'in Gwaggo ta koma Kano. Ɗalibar ta je gida da Salla, ta dawo, ta hau dutsen, ta sauko da sababbin tukwane. Wannan karon ɗakin sanyin labo ne ya riƙe su har ƙarshe. Da suka yi fure ta kira ni. 'Yata ta riga ta fara gudu a lokacin, na bar ta wurin babanta na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na tafi jami'ar.

Aka ba ni rigar sanyi a ƙofa. Na duba tukunyar da ta nuna mini ban ga komai ba, sai wani ɗan zare da ya ɗago sama da ganyen, da ƙuraje-ƙuraje a kansa. Ta miƙo mini gilashin ƙara girma, ta ce in kusantar da ido. Sai abin ya buɗe. Ɓawo-ɓawo ne masu launin shunayya, gefensu fari kamar an bi su da ɗinkin azurfa, daga tsakiyarsu wasu 'yan ƙwayoyi rawaya suna rataye a zaren da ya fi gashi siranta. Suna ta rawa. Na tambaye ta ko fanka ce ke kaɗa su. Ta ce a'a, numfashina ne. Na riƙe numfashi, suka tsaya.